Mu Tattauna: Mai Ceto Ma Yana Bukatar Horo

 Zancenmu na wannan wata a kan 'yan kwana-kwana ne da sauran ma'aikatan agaji, mutanen da sukan nufi inda kowa ke gudu.

Kashe gobarar gida aiki ne mai hatsari, amma wuta ba ta da wayo. Ɗan ta'adda kuwa yana da shi. Ya san in bam ya tashi jama'a za su sheƙo don taimako, sai ya ajiye na biyu yana jiransu. Haka aka yi a kasuwar Taminus ta Jos ran 20 ga Mayu, 2014. Na farko ya tashi, mutane suka taru suna ɗaukar waɗanda suka ji rauni, bayan kamar rabin sa'a na biyu ya tashi. Aƙalla mutum 118 suka rasu, har da masu taimako.

Saboda haka darasin farko da akan koya wa ma'aikaci shi ne ya tsaya ya duba kafin ya shiga. Akan raba wurin kashi 3. Akwai wurin hatsari, na 'yan sanda da masu kwance bam. Akwai na tsaka, inda masu agaji sukan shiga da rakiya, su tsayar da jini, su fito da mutum. Sa'an nan akwai wurin lafiya can nesa, inda motocin asibiti ke jira.

Darasi na biyu shi ne kāre jiki. A 1995 wasu suka saki iskar guba mai suna sarin cikin jiragen ƙarƙashin ƙasa a Tokyo, babban birnin Japan. Ma'aikatan agaji fiye da 100 suka kamu, gama sun shiga ba abin rufe fuska, gubar kuwa tana jikin tufafin waɗanda suka ɗauka. Yanzu akan koya musu su sa kayan kariya, su tuɓe wa mutum tufafin, su wanke shi da ruwa tukuna.

Na uku shi ne jin juna. Ran 11 ga Satumba, 2001, 'yan kwana-kwana 343 suka mutu a birnin New York na Amurka, sa'ad da dogayen benaye 2 suka rushe. 'Yan sandan da ke cikin jirgi mai saukar ungulu sun ga alamar benen na biyu zai faɗi, sun kuwa yi gargaɗi. Amma rediyonsu dabam, na 'yan kwana-kwana dabam, gargaɗin bai kai ga da yawa daga cikinsu ba.

Kada fa mu ɗauka hankali shi ne jinkiri. Da bam ya tashi a wani zauren wasa a Mancesta ta Ingila a 2017, sai bayan kamar sa'a 2 'yan kwana-kwana suka iso, domin shugabanninsu ba su sami tabbataccen labari ba. Wanda babbar jijiyarsa ta yanke kuwa, 'yan mintoci sun isa jini ya ƙare masa. Maganin gaggawa da na jinkiri ɗaya ne: 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan asibiti su riƙa gwaji tare tun ana zaman lafiya.

To, mu fa, mene ne namu? In abu ya faru, kada mu tafi kallo ko ɗaukar hoto. Mu ja da baya, mu riƙe yara, mu buɗe wa motocin agaji hanya. Mai son taimako ya tafi asibiti ya ba da jini. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa kuma suna iya gayyatar 'yan Red Cross su koya musu yadda ake tsayar da jini.

Allah ya kiyaye waɗannan ma'aikata, ya komo da su gida lafiya. Sai wata mai zuwa.