Karyewar jari ba abin kunya ba ne

Duk mai cin kasuwar Ɗan Isa, Jibiya, Ƙonni ko Illela ya san irin wannan matashi. Shekara goma ko fiye yana tsaron shagon ubangidansa. Ya san farashin shinkafa da taliya, ya san ƴan canji, ya san aikin duwan, ya kuma ɗan tara abin hannu ta hanyar adashe. Amma da zarar an ce ya kafa nasa tebur, sai ya ce: "In na karye fa?"

Wannan tambaya ta zaunar da mutane da yawa a cikinmu har furfura ta riske su a shagon wani. In muka duba da kyau, ba asarar kuɗin ce ta fi ba su tsoro ba. Bakin mutane suke gudu, kada a nuna su da yatsa a ce ga wane can, ya ci jarinsa.

To, wane ne a kasuwannin nan bai taɓa faɗuwa ba? A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, lissafin ƴan kasuwa ya rikice a dare ɗaya. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai Disamban 2020. A 2023 aka sake rufe iyaka tsakanin Nijar da Najeriya, naira kuma ta yi mummunar faɗuwa. Motoci sun yi watanni a tsaye, kaya sun lalace, manyan alhazai sun ji a jikinsu. Da yawansu sun sake tashi, domin jari ne ya tafi, sanin kasuwa da amincin da mutane suka ba su suna nan.

Ba cewa muke yi a faɗa da ka ba. Tsoron da ke sa mutum lissafi alheri ne. Mai son farawa ya fara da abin da in ya salwanta gidansa ba zai kwana da yunwa ba. Kada ya zuba jarinsa duka a kaya iri ɗaya, kada ya tara shi duka a naira ko a sefa. Ya riƙe littafi, ya raba kuɗin cefane da na kasuwa, ya rage ba da bashi don jin nauyi. Sannu ba ta hana zuwa.

Iyayen gida ma akwai nasu. Yaron da ya yi muku shekaru bisa amana, ku sallame shi da ɗan jari ko ku ba shi kaya ya sayar ya kawo uwar kuɗi. Haka aka yi wa da yawa daga cikinku.

Mu kuma sauran ƴan kasuwa, mu daina yi wa wanda ya karye dariya. Abin kunya shi ne cin amana da tauye mudu. Wanda ya gwada ya faɗi da gaskiyarsa, mu kama masa ya miƙe, domin ƙannenmu suna kallon yadda muke yi da shi kafin su yanke shawarar fitowa. Matsoraci dai ba ya zama gwani.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.