Ƙwayar talla a kwamfutar ma'aikaci, alhakin ma'aikatarsa ne

A Maiduguri ba baƙon abu ba ne ma'aikacin tarayya ya yi aikin ofis da kwamfutarsa ta gida, wadda mai gyara ya cika da manhajojin sata. Ta nan ƙwayar talla ke shigowa, ta sauya shafin bincike, ta riƙa leƙen duk inda aka shiga. Kamfanin Check Point ya ce irinta, Fireball, ta kama kwamfutoci miliyan 250 a 2017.

Korarta ba wuya. A goge baƙuwar manhajar, a mayar da Chrome saitinsa na asali, a bi da AdwCleaner, sannan a sauya kalmomin sirri. Amma ma'aikatu Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa amanar bayanan jama'a. Su ya kamata su raba kwamfutoci masu lasisi.