Ƙarin Gini A Gidaje: A Fito Da Sassauci Fili

Duk wanda ya san unguwannin Surulere da Festac a Legas, ko Garki da Wuse a Abuja, shekaru talatin da suka wuce, in ya koma yau zai tarar gidajen suna nan, amma tsakar gida ta ɓace. Inda aka bari don shanya da ajiye mota an tada boskwata, an jingina shago da katanga, wani wurin ma an ɗora bene a kan ginin da tun asali ba a yi masa harsashin bene ba. Galibin waɗannan gine-gine kuwa sun wuce iyakar da hukumomin tsara birane suka yarda a cika fuloti da gini.

Ba taurin kai kaɗai ke jawo haka ba, lissafi ne. Fuloti mai ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo bai wuce murabba'in mita 465 ba. Alal misali, in doka ta ce rabinsa za a gina, to ragowar rabin ba ya kawo wa mai gida ko kwabo, alhali ɗaki biyu da banɗaki a wurin za su kawo kuɗin haya kowace shekara. Ga tsohon ma'aikacin da fanshonsa ba ya zuwa a kan kari, wannan haya ita ce cefanen gidansa. Ga magidancin da 'ya'yansa suka girma kuwa, ƙarin ɗaki ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba da neman sabon fili a bayan gari.

To, amma dokar ma tana da nata lissafin. Ruwan saman da ƙasar tsakar gida za ta shanye, in an rufe ta da kwano da siminti, ba ɓacewa yake yi ba. Titi zai bi ya faɗa wa maƙwabcin da ke gangare. Haka nan in gini ya manne da gini, gobarar gida ɗaya ta zama ta layi guda, iska da haske su yi ƙaranci, ramin shaddar da aka haƙa don mutum takwas ya koma ɗaukar ashirin. Watau mai gida ya ci ribar, maƙwabta da gwamnati su biya kuɗin. Wannan ne dalilin iyakar, kuma dalili ne mai ƙarfi, musamman a Legas inda ƙasa take dab da teku.

Dokoki dai ba mu rasa su ba. Akwai Dokar Soja mai lamba 88 ta 1992 kan tsara birane da yankuna. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, ta yanke hukuncin cewa tsara birane hurumin jihohi ne, sa'an nan a 2010 Legas ta yi tata dokar wadda ta kafa hukumar ba da izinin gini da ta sa ido kan gine-gine. Abin da muka rasa shi ne hanya a fili wadda mutum mai uzuri na gaskiya zai bi ya nemi a sassauta masa. Sassauci kam ana yi, sai dai a ɓoye, tsakanin mai gida da jami'in da ya zo duba aiki. Wanda bai bi ta nan ba sai ya wayi gari da jan fenti a bangonsa. Mazauna Abuja ba su manta da rusau na zamanin Malam Nasir el-Rufa'i ba, daga 2003 zuwa 2007. A 2024 kuma gwamnatin Legas ta ba da wa'adin afuwa don masu gine-gine marasa izini su zo su daidaita takardunsu. Niyyar mai kyau ce, amma darasin da jama'a ke ɗauka daga afuwa shi ne: gina tukuna, a sasanta daga baya.

Amurka ta fuskanci wannan matsala tun bayan da birnin New York ya kafa dokarsa ta tsara gine-gine a 1916. Samfurin dokar da Ma'aikatar Ciniki ta ƙasar ta fitar wa jihohi a shekarun 1920 ya tanadi kwamiti na musamman mai ikon sassautawa. Sharaɗin da ya kafu a can shi ne, sai mai nema ya nuna cewa ƙuncin daga filin kansa ya taso, kamar a ce fulotin siriri ne ko karkatacce ko yana kan gangare, ba shi ya jawo wa kansa ba, kuma son ƙarin riba kaɗai bai zama hujja ba. Ana sanar da maƙwabta, a zauna a bainar jama'a, a rubuta hukunci. Tsarin na da nasa aibin, don an sha zargin waɗannan kwamitoci da sakin hannu, kuma mai kuɗin ɗaukar lauya ya fi samun biyan bukata. Duk da haka, wanda aka ba da wanda aka hana sun san dalili.

A ganina, jihohinmu da Babban Birnin Tarayya za su iya ɗaukar wannan tare da gyara guda: a sa wa sassaucin farashi. Wanda aka yarda ya wuce iyaka da mita goma ko ashirin ya biya kuɗi ƙayyadajje a kan kowace mita, a buga jadawalin kowa ya gani, kuɗin kuma a kashe shi a kan magudanar ruwan unguwar da abin ya shafa. Ta haka abin da ke shiga aljihun jami'i zai koma wurin waɗanda ke ɗaukar nauyin ginin. Mai gida shi ma ya amfana, domin gidan da gininsa ya dace da takardunsa ya fi saurin karɓuwa a banki in an zo neman rance, kuma ya fi daraja ranar sayarwa ko rabon gado.

Akwai abubuwan da bai kamata a saya da kowane farashi ba: gini a kan magudanar ruwa, gini a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da toshe ratar da ke hana gobara tsallakawa. Ɗora bene kuwa sai injiniya ya duba harsashi ya sa hannu. Benen da ya rufta a Ita Faji, Tsibirin Legas, cikin Maris 2019, da makarantar yara a samansa, ya isa tuni a kan abin da sakaci da ƙarfin gini ke jawowa.

Wani zai ce ai wannan buɗe sabuwar kafar cin hanci ce. Tsoron na da tushe, kuma maganinsa shi ne kada a bar hukunci a hannun mutum ɗaya, a kuma liƙa sunan kowane fuloti da aka sassauta wa a ofishin ƙaramar hukuma. Wannan rajista za ta yi wani amfanin ma. In ta nuna cewa gida bakwai cikin goma na wani layi sun nemi wuce iyaka, to iyakar ce ta tsufa, sai hukuma ta sake ta ga unguwar baki ɗaya, ta faɗaɗa lambatu daidai da yawan mutanen da ke zaune a wurin yanzu.