Mai ciwon hanta in ya rikice, ku kai shi likita, ku daina ɗaure shi

Jama'ar Konni, Malbaza da Illela. Yau za mu taɓo wata magana mai ɗaci, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Duk mun san yadda abin yake faruwa a gidajenmu. Mutum ya daɗe da ciwon hanta, idanu sun yi ɗorawa, ciki ya kumbura. Wata rana sai ya fara kwana da rana, ido biyu da dare. Ya manta sunan 'ya'yansa, yana surutai, in ya miƙa hannu sai ka ga yana kaɗawa kamar fiffiken tsuntsu. Nan take sai a ce iska ce, ko an yi masa sammu. A kulle shi a ɗaki, a ɗura masa jiƙe-jiƙe, in ya yi fitina a sayo ƙwayar barci wajen 'yan talla. Wallahi da hannunmu muke ƙarasa shi.

Abin da ke faruwa a jikinsa sananne ne. Hanta ita ce ke tace dattin da ke fitowa daga hanji, musamman wani sinadari da ake kira amoniya. Idan ta gaza, dattin nan sai ya bi jini ya hau ƙwaƙwalwa. Shi ya sa hankali ke gushewa. Kuma sau da yawa yana dawowa idan an yi magani da wuri.

Maganin farko wani siro ne mai zaƙi, lactulose, wanda a farmasi aka fi sani da Duphalac. Yana sa a yi bayan gida mai laushi sau 2 zuwa 3 a yini, dattin ya fita. Wanda ya yi nisa har ba ya iya haɗiya, a likita ana saka masa ta dubura. Kada a ɗura wa mai magagi ruwa ko kunu a baki, zai iya shaƙewa. Idan rikicewar tana yawan dawowa, lokotoro kan ƙara wata ƙwaya mai suna rifaximine.

Sannan dole a gano abin da ya tayar da ita: taurin bayan gida, zazzaɓi ko wata cuta a ciki, ƙarancin ruwa a jiki, ko zubar jini a hanji. Wanda ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi wuluk kamar kwalta, kada a jira gari ya waye. Diazepam da tramol kuwa, ga mai hanta a wannan hali, suna iya tura shi doguwar suma.

Wata al'adar kuma ita ce hana majinyaci nama, ƙwai da nono gaba ɗaya. Masana sun bar wannan ra'ayi, domin yunwa na cinye tsokar jiki, ita kuma tsoka tana taimakawa wajen rage amoniya. A ba shi abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai, wake da nono, har da ɗan abin taɓawa kafin kwanciya.

Wani zai ce, to addu'a fa? Babu wanda ya hana. A yi addu'ar a kan hanya. Ga asibitin gunduma a Konni da Illela, ga asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, ga babban asibitin Tawa. Wani kuma zai ce ai babu kuɗi. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, amma a lissafa abin da ke tafiya wajen kaji, turare da yawon neman sa'a.

Muna kira ga hukumomin kiwon lafiya su tabbata ana samun lactulose har a ƙananan CSI na karkara, kuma a yawaita gwajin cutar hanta nau'in B, wadda ke kashe hanta a hankali ba tare da mutum ya sani ba. Allurar rigakafinta tana cikin alluran jarirai, iyaye mata kada a tsallake ko ɗaya. Limamai da masu gari, don Allah ku faɗa wa jama'a.

Ku tura wa 'yan uwa wannan saƙo. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.