Kwabenya da takardar buƙatunmu

Ranar 25 ga Nuwamba 1964 Kwame Nkrumah ya aza harsashin cibiyar binciken nukiliya a Kwabenya, arewa da Accra. Wata goma sha biyar bayan nan soja suka kifar da shi, aikin kuma ya bi uban gidansa. Ba don an sami aibu a ilimin ba. Laifinsa shi ne sunan wanda ya dasa shi. Sai da aka shekara talatin kafin ƙasar nan ta kunna tukunyar nukiliya ta bincike, ita ma ƙarama ce daga Sin, mai ƙarfin kilowat 30.

Jama'a, har gobe halin nan bai sake ba. Ɗan siyasa yana son abin da zai yanke wa kyalle kafin zaɓe, bincike kuwa kamar dabino ne, wanda ya shuka ba lallai ya ci ba. Tun 1980 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Legas za su kai kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin ƙasa ga kimiyya, Gana ba ta cika ba. Da korona ta sauka a 2020, ina aka kai samfurin majiyyatanmu? Cibiyar Noguchi ta Legon, wadda Japan ta gina mana kyauta a 1979. Wanda ya ba da kuɗin bincike shi ke zaɓar cutar da za a bincika.

Amma kada mu wanke hannunmu. Ni ne ke rubuta wa Maigida takardar buƙatun Zango duk lokacin da 'yan takara suka zo gaisuwa, kuma na san abin da alƙalamina ya saba: kwalbati, fitilun titi, kujerun Hajji, shinkafa da sukari na azumi. Duk halal ne, ban raina ko ɗaya ba. Sai dai ban taɓa rubuta ɗakin gwaji don makarantar 'ya'yanmu ba, kuma ba dattijon da ya ce na manta. Mu da aka fara karantar da mu da umarnin karatu, mu da muke alfahari da Alhaji Umaru na Karaci, an gane farashinmu buhu ne.

An kafa dokar asusun bincike na ƙasa a 2020. Ɗan takarar da ya sake durƙusawa a zauren nan, zan nemi izinin Maigida in tambaye shi nawa aka zuba a asusun, kuma ɗalibai nawa daga Nima, Aboabo da Sabon Zango suka ci moriyarsa. Zan sa tambayar a layin farko, sama da kwalbati.