Awon Sandar Golf: A Fara Da Wayar Da Ke Aljihu Kafin A Kashe Daloli

Saurayin da ya fara buga ƙwallon lambu, wato golf, a filin Kano ko na Kaduna ko na Rayfield da ke Jos, da wuya a ce da sabbin sanduna ya fara. Yawanci na hannu ne. Ko wani babba ya sauya nasa ya miƙa masa tsofaffin, ko kuma ya saya daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Ingila da Amurka. Sanda irin wannan kamar rigar gwanjo take, an yi ta ne da awon wani. Sai dai riga in ta yi wa mutum yawa kowa zai gani, ita kuwa sanda ba ta nunawa. Ɗan wasan ne zai riƙa lanƙwasa jikinsa yana bin ta, har ya saba da karkataccen bugu, yana ta zargin hannunsa alhali laifin na ƙarfe ne.

Maganin wannan shi ne awon sanda, wato a daidaita ta da tsayin mutum da ƙarfinsa da salon bugunsa. Matsalar ita ce yadda kamfanoni suka mayar da abin harkar manya. A shagunan awo na Amurka irin su Club Champion, za a shigar da mutum ɗaki mai allo, a kunna masa TrackMan, na'urar radar ta wani kamfanin Denmak da aka kafa a 2003, wadda farashinta ya haura dala 20,000. Awon jaka guda kan ci ɗaruruwan daloli, kafin ma a zo ga kuɗin sandunan. Wanda ya ga haka a YouTube sai ya ɗauka awo ba nasa ba ne. Kuskure ne. Mafi yawan abin da mai koyo yake buƙata ana samunsa da tef ɗin tela, da maka, da waya mai kyamara, da ɗan abin da za a ba ƙwararren da ke filin.

Awo bai fara da radar ba. Karsten Solheim, injiniyan da ya kafa kamfanin PING, ya fito da jadawalin launuka tun 1972. Abu biyu kawai jadawalin yake tambaya: tsayin mutum, da tazarar da ke tsakanin wuyan hannunsa da ƙasa idan ya tsaya cak ya saki hannuwa. Daga nan sai ya nuna tsayin sandar da ta dace da kuma yadda kanta ya kamata ya zauna a ƙasa, kowane mataki da launinsa, baƙi shi ne na tsakiya. Jadawalin yana intanet kyauta har yau. Ba ya ba da amsar ƙarshe, domin mutum a tsaye daban yake da mutum yana bugu, amma cikin minti biyu yana tona asirin sandar da ta yi wa mai ita tsawo ko gajarta.

Gwajin da ya fi wannan amfani kuɗinsa bai wuce na maka ɗaya ba. A zana layi mai kauri a jikin ƙwallo, a ajiye ta layin yana tsaye yana fuskantar fuskar sanda, sannan a buga da sandar ƙarfe mai lamba 7. Tawadar za ta bar shaida a kan fuskar. Idan layin ya fito a miƙe, zaman kan sandar daidai ne. Idan samansa ya karkata zuwa bakin sanda, to bakin yana ɗagawa a lokacin bugu, kuma hakan na jan ƙwallon na-dama zuwa hagu. Idan ya karkata zuwa dunduniya, wajen da ƙota ta shiga kai, ƙwallo za ta riƙa zamewa dama. Abin ya fi tsanani a gajerun sanduna masu cilla ƙwallo sama, waɗanda da su ake neman kusantar rami. Mutum zai iya shekara yana gyara tsayuwarsa saboda digiri biyu da ba a jikinsa suke ba.

Gyaran kansa ba sayen sabuwa ba ne. Ana lanƙwasa wuyan sandar da wata na'ura ta musamman, digiri ɗaya ko biyu. Sandunan da aka ƙera da dukan ƙarfe mai taushi suna lanƙwasuwa cikin sauƙi, waɗanda aka zuba a mazubi kuwa sun fi taurin kai, wasu ma su karye. Saboda haka wannan ba aikin mai walda na bakin titi ba ne, komai ƙwarewarsa a ƙofa da taga.

Akwai wani gwajin mai kama da shi na babbar sandar bugun farko, wadda ake kira direba. A fesa mata hodar ƙafa a fuska, ko a shafe ta da makar farin allo, a yi bugu goma. Idan shaidar ta warwatse ko'ina, sau da yawa tsawo ne ya yi yawa. Direbobin da ake sayarwa a shago sukan kai inci 45 ko fiye, domin doguwar ƙota tana ba da nisa a talla, amma nisan sai an sami ƙwallo a tsakiyar fuska. Kafin a yanke komai, a sauko da riƙo ƙasa da inci ɗaya a sake bugu goma. In shaidar ta taru wuri guda, an sami amsa. Yankewa tana rage nauyin da hannu yake ji a kan sanda, ana mayar da shi da ɗan tef ɗin dalma.

A nan ne waya take shigowa. Tun iPhone 6 ta 2014 ake ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya da hoto 240 a daƙiƙa guda, kuma wayoyin Android da dama yanzu suna da wannan tsarin, ko da a 120 ne. A kafa wayar a kan mazauni daidai tsayin hannun ɗan wasa, sau ɗaya daga bayansa tana kallon inda ƙwallo za ta, sau ɗaya daga gabansa. Da rana za a yi, domin a duhu hoton sanda yakan zama hazo. Manhajoji irin su V1 Golf da Onform suna bari a zana layi a kan bidiyo, a tsayar da shi hoto bayan hoto. A nan ake ganin wanda yake durƙusawa fiye da kima saboda gajeriyar sanda, da wanda yake miƙewa tsakiyar bugu saboda doguwa. Kamfanonin ma sun daɗe da sanin darajar waya. PING ya fitar da manhajar iPING a 2011, wadda ake maƙala iPhone a jikin sandar tura ƙwallo rami ta auna yadda hannu yake tafiya.

Amma kyamarar waya tana da iyaka. Ita kaɗai ba za ta faɗi yadda ƙwallo take juyawa a iska ba, kuma ba abin dogaro ba ce wajen saurin kan sanda, wanda da shi ake zaɓen taurin ƙota. Ƙwararrun PGA Tour suna haura mil 110 a sa'a da direba, matsakaicin ɗan wasa namiji kuwa yana ɗan sama da mil 90. Wanda ya gaji ƙota mai tauri irin ta ƙwararru alhali bugunsa a hankali yake, ƙwallonsa za ta riƙa tashi ƙasa-ƙasa ta faɗi da wuri. Haruffan da ake bugawa a jikin ƙota, L da A da R da S da X, ba su da ma'auni ɗaya tsakanin kamfanoni. S ɗin wani kamfani R ne a wajen wani. Sai an gwada.

Wannan giɓin ne ƙananan na'urori suka zo cikewa. Rapsodo MLM ta fito a kan dala 499, amma da iPhone da iPad kawai take aiki, sai MLM2PRO ta 2023 ce ta karɓi Android. Garmin Approach R10 ta fito a 2021 a kan kusan dala 600, ana ajiye ta ƙafa shida zuwa takwas a bayan ƙwallo, ta aika lambobi zuwa waya. Suna da kyau wajen saurin sanda da saurin ƙwallo. Wajen juyin ƙwallo kuwa, masu arha da yawa ƙiyasi suke yi sai in an yi amfani da ƙwallaye na musamman.

To, a saya? Don awo kaɗai, a'a. Dala 600 a canjin naira na yau kuɗi ne da zai sayi cikakkiyar jakar sanduna ta hannu har da canji, kuma lambar da ake nema ba ta sauyawa kowane mako. Abin da ya fi hankali shi ne abokan wasa biyar ko shida su yi karo-karo su sayi guda, ko a tambayi kocin fili ko yana da ita a biya kuɗin sa'a ɗaya. Kuma a yi gwajin da irin ƙwallon da ake wasa da ita. Tsofaffin ƙwallayen filin atisaye ba sa tashi kamar na gaske, lambobinsu za su yaudari mutum.

Sai batun awon kyauta. A ƙasashen waje shaguna da yawa suna yi, wasu kuma su cire kuɗin awo idan an sayi sanda, kamfanoni ma sukan ware ranakun gwaji a filaye. Wanda tafiya ta kai shi can ya yi amfani da damar, amma ya sani mai awon ɗan kasuwa ne, kuma da wuya ya ce tsohuwar sandar ta isa. Dabarar ita ce a je da tsohuwar, a buga ta a gaban na'urar tukuna, sannan a nemi a rubuta sakamakon: tsayi, da zaman kai, da nauyin ƙota da taurinta, da kaurin mariƙi. Da wannan takarda a waya ana iya neman na hannu masu irin awon a rabin farashi, in dai an kula da jabu, waɗanda suka cika kasuwannin intanet. Kuma tun da TaylorMade ya fitar da R9 a 2009, direbobi da yawa suna da wuyan da ake kwancewa da ɗan makulli a ƙara ko a rage tashin ƙwallo. Tsohuwar direba irin wannan kamar sanduna uku ce a jiki ɗaya, amma mutane da yawa ba su taɓa karɓar makullin daga wanda ya sayar musu ba.

Masu sana'ar awo za su ce duk wannan kame-kame ne, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Wanda yake buga gasa, wanda yadi uku ke raba shi da kofi, ya cancanci TrackMan da gwanin da ya iya karanta ta. Amma mai koyo bugunsa yana sauyawa duk bayan 'yan watanni. Awo mai tsada da aka yi masa yau zai iya zama tsohon labari kafin damina ta zagayo. Abin da yake buƙata shi ne a kawar da manyan kurakurai, ba a daidaita masa rabin digiri ba.

Mafi arha a cikin gyare-gyaren shi ne wanda aka fi mantawa da shi, wato robar mariƙi. Idan mutum ya riƙe sanda da hannunsa na sama, yatsun tsakiya ya kamata su taɓa tudun tafinsa kaɗan. In sun nutse ciki, mariƙin ya yi siriri, sai a ƙara masa tef a ƙarƙashi ko a sa mai kauri. In ba su kai ba, ya yi kauri. Zafin rana da gumi suna busar da roba ta yi santsi, mai ita ya riƙa matse hannu ba tare da ya sani ba. Sabuwa daloli kaɗan ce kowace ɗaya, kuma doka ba ta yarda a shiga fili da sanda fiye da 14 ba, don haka lissafin ba shi da yawa. Wanda aljihunsa bai kai ba zai iya farawa da uku ko huɗun da ya fi bugawa.