Godiya a Japananci Ba Kalma Ɗaya Ba Ce

Yawancin masu fara koyon Japananci, da zarar sun haddace "arigato" sai su ɗauka sun iya godiya. A ganina wannan kuskure ne, domin a wurin mutanen Japan godiya tana bin matsayin wanda ake gode wa, da irin alherin da ya yi.

"Arigato" kaɗai ta abokai ce da 'yan gida. Asalinta wata tsohuwar kalma ce, "arigatashi", wato abin da ke da wuyar samuwa. In ɗalibi zai gode wa malaminsa, sai ya ce "arigato gozaimasu". In kuwa an riga an gama alherin, misali an tashi daga darasi, sai ya ce "arigato gozaimashita". Wanda ya ce wa malami "arigato" kurum, daidai yake da yaron da ya gai da dattijo bai rusuna ba.

Akwai kuma "sumimasen", wadda kalmar ban haƙuri ce, amma ana godiya da ita. In wani ya tashi ya ba ka kujerarsa a jirgin ƙasa, ita za ka faɗa, domin ka ɗora masa ɗawainiya.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wurin aiki. "Otsukaresama deshita" kamar "sannu da aiki" take a wurinmu, ana faɗa wa babba da ƙarami. Amma 'yar'uwarta "gokurosama", na gaba ne ke faɗa wa na ƙasa da shi. Ma'aikacin da ya faɗa wa shugabansa ita ya yi rashin ladabi, alhali yabo ya nufa.

Ko abinci ma yana da tasa godiya: "itadakimasu" kafin a fara ci, "gochisosama deshita" bayan an gama. Bugu da ƙari, in aka sake haɗuwa bayan kwanaki, sai a sake yin godiya, kamar yadda muke zuwa ban gajiya bayan biki.

Wani zai ce ai baƙo ana yi masa uzuri. Haka ne, amma uzuri dabam, girmamawa dabam. Don haka, 'yan'uwana ɗalibai, duk mai sha'awar wannan harshe ya riƙa tambayar kansa wa zai gode wa kafin ya buɗe baki. Hausawa dai sun ce yaba kyauta tukwici.